Zaman Awa Biyu

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Littafin nan don rubuta addu'o'i na saye shi. Amma tunda ba wanda zan yi wa magana a gidan nan ba tare da an ce na cika faɗa ba, to takarda ta ji. Ita dai ba ta murguɗa baki.

Yau kwana huɗu Mamduh yana gida. Ɗana na fari, shekara arba'in da ɗaya, shekara goma sha shida yana jan safa daga Asyut zuwa Alkahira bai taɓa goge fentin kowa ba, yau ga shi kwance da rana tsaka kamar mai jego. Kamfani ya karɓe makulli, wai sai likita ya sa hannu.

Kare ne ya gitta. Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka ya faɗa wa kamfani, haka ya faɗa mini. Ya kauce wa kare, mota ta gangara cikin yashi. Tana cike da mutane, ba wanda ya mutu. Wata mata ce kawai ta karye a hannu. Duk wanda ya tare ni a bene ko a kasuwa abin da nake gaya masa ke nan, kuma kowa ya san gidanmu ba a ƙarya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da hantsi

Rihab, matar Mamduh, ta ƙona wake. Mace mai 'ya'ya uku, shekara goma sha uku a gidan miji, ta ƙona wake. Na yi magana, ta ce, "Mama, yau dai ki ƙyale ni." Na ƙyale ta.

Ciwon bayan Mamduh ba baƙo ba ne. Shekara shida yana tare da shi. Wane direba ne ba ya ciwon baya? Ubansa, Allah ya jiƙansa, buhunan auduga ya ɗauka har ya tsufa, ban taɓa jin ya ce wash a gaban yara ba. Mutanen yanzu cinnaka ya cije su sai sun nemi likita.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Sun dawo daga wurin likitan kamfani. Bai sa hannu ba. Ya tura shi wani sashe a asibitin koyarwa, ranar sha bakwai ga wata. Wai za a zaunar da shi awa biyu a kan kujera irin ta direba, a manna masa wayoyi a gadon baya, na'ura ta riƙa sauraren abin da tsokar bayansa take yi. Abin da ta ji shi za a kai wa kwamiti. Kwamiti ya ce a mayar masa da makulli, ko kuwa.

Ban rubuta ƙarshen maganar ba. Ba sai na rubuta ba.

Na ce, "Tunda kare ne, me ya kawo baya cikin zancen?" Mamduh ya kalli Rihab. Rihab ta kalli ƙasa.

Talata, 5 ga Nuwamba, bayan asuba

Rihab ce ta kai wa likitan zancen bayan. Bayan ya fito daga ofishin likitan ta koma ciki, wai ta manta jaka.

Talata, da la'asar

Na same ta a kicin na rufe ƙofa don kada yara su ji. Na ce mata mace tufa ce ga mijinta, duk wadda ta yaye shi a gaban baƙo ta yaye kanta. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Mama, ke ma kin gani."

"Me na gani?"

"Hawa uku ne daga ƙasa zuwa nan. Kullum kina taga kina jin takunsa a bene. Kin fi ni sanin sa."

Na ce ba abin da nake ji sai rashin kunya. Sai ta ajiye wuƙar ta ce, "Tufa nake so in zame masa, Mama, ba likkafani ba."

Ban mare ta ba. A rubuta mini wannan a cikin ayyukan alheri.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi tunani, na ga abin ba wuya. Jarrabawa ce. Kuma duk jarrabawa ana shirya mata.

Shekara ashirin da takwas na yi ina buga tafireta a ofishin makarantar 'yan mata, a kan kujerar katako, ban taɓa jingina ba. Zama tarbiyya ne. 'Ya'yana huɗu duk da rula na koya musu, ina zura ta ta wuyan riga ta kwanta a gadon baya, wanda ya ranƙwafa zai ji ta. Har yau a taro ana gane 'ya'yana daga nesa. Mutumin da ba ya iya riƙe bayansa ba zai iya riƙe gida ba.

Na sa an sauko da kujerar daga saman kabad, na goge ta, na ajiye a falo tana fuskantar agogo. Na ce, "Zauna. Na'ura ba abin da take nema sai motsi. Idan ka mutsu-mutsu ta ce ba ka da lafiya. Ka zauna kamar yadda ubanka Abdul Zahir yake zama, ka ga abin da za ta samu ta rubuta."

Ya yi dariya, ta farko a kwana tara. "Umma, ina rular?"

Na ce tana nan idan yana buƙata.

Minti arba'in ya yi. Da ya tashi sai da ya dafa bango.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan azahar

Minti hamsin da biyar. Ina gefe ina tsince shinkafa, ido ɗaya a kan agogo, ɗaya a kansa. Sau biyu ya so ya karkata, na buga cokali a faranti.

Ummu Girgis ta hawa na biyu ta shigo da ɗan mai a kwalba, wai daga cocin dutse ta samo, a shafa masa. Na karɓa saboda haƙƙin maƙwabtaka. Ta ga shi zaune ƙiƙam, hannuwa a kan gwiwa, ta kira shi yadda ake kiran direbobi, ta ce, "Usta, hoton fasfo ake ɗauka, ko aikin gunki ka samu a Luksor?"

Ya ce, ba tare da ya juya wuya ba, "Inna, gumakan Luksor sun fi ni gata, su ba su da uwa."

Suka yi ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da safe

Na ɗauki takalmansa zan goge. Na dama ya cinye a baki, na hagu lafiya lau. Titunanmu ne. Ba wanda yake gyara su.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Awa ɗaya da rabi.

Rihab ta tsaya a bakin ƙofa ta ce asibiti sun ce ya zo yadda yake, kada ya yi wani shiri, kuma ya daina shan magani kwana biyu kafin ranar. Na ce wane magani. Ta kalli kwat ɗinsa. Akwai wasu ƙwayoyi a aljihun kwat ɗinsa na ciki, a naɗe cikin takardar tikiti, waɗanda ban gani ba.

Ta ce, "Mama, kina kashe shi."

Na ce ni na haife shi, na san inda yake karyewa, bai kai can ba.

Mamduh yana kallon agogo. Idan yana kan kujerar ba ya magana, numfashinsa ma ƙirga shi yake yi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, da azahar

Ya yi sallah a zaune. Ya ce gwiwa ce.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan masallaci

Awa biyu cif. Ko gira bai motsa ba. Na dafa masa miyar lalo da zomo, ya ci loma uku.

Na yi alfahari da shi. Na rubuta don gaskiya ne: na yi alfahari.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, kafin magariba

Zan rubuta a tsare, yadda aka koya mana rubuta rahoto.

Ƙarfe tara muka isa. Likitar yarinya ce, Nirmin, ba za ta wuce sa'ar autata ba, gilashi ya rufe mata rabin fuska. Wani ma'aikaci ya aske masa gashin baya wuri takwas, ya goge da auduga, ya manna wasu 'yan faya-fayai kamar maɓallin riga, huɗu dama huɗu hagu, daga ƙugu zuwa tsakiyar baya. Suka ba shi sitiyarin wasa ya riƙe. Ni da Rihab aka bar mu a bayan gilashi, kusa da allon na'urar.

Likitar ta ce, "Usta, ka saki jiki. Ka zauna yadda kake zama a mota."

Ya kalle ni ta gilashin. Na gyaɗa kai.

Ya zauna. Wallahi ko soja albarka. A kan allon layuka biyu suka tashi, ja da kore, suka tsaya a sama suna karkarwa. Na ɗauka sama ita ce daidai, kamar maki. Minti ashirin, likitar ta leƙa ta duba wayoyin ko sun saki. Minti arba'in ta kira wani babba ya zo ya duba, suka yi ƙus-ƙus. Na ce a raina, ku duba da kyau, ɗan halak ne.

Bayan awa ɗaya ta juyo gare ni. "Hajiya, kullum haka yake zama?"

Na ce tun yana shekara biyar.

Ta danna wani abu, ta nuna mini layukan wani mutum daban, wanda ta ce lafiyayye ne. Nasa hawa suke suna sauka, ja ya hau kore ya faɗi, kore ya hau ja ya faɗi, wani lokaci duka biyun su kwanta a ƙasa. Na ce wannan ai malalaci ne. Ta ce, "A'a. Mai lafiya ba ya zama wuri ɗaya, yana ta gyara zama bai ma sani ba. Bayansa karɓa-karɓa yake yi, dama ta huta hagu ta ɗauka. Na ɗanki kuwa dubi nan. Tun minti na farko ya dunƙule kamar hannun ɗan dambe, bai buɗe ba ko sau ɗaya. Haka masu daɗaɗɗen ciwo suke yi, suna gadin wurin. Amma irin wannan ban taɓa gani ba. Kamar wanda aka yi wa horo."

Rihab tana kusa da ni. Idonta yana kan allon. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Likitar ta so ta tsayar da gwajin a awa ɗaya da rabi. Ya ƙi. Ya ce awa biyu aka ce.

Da lokaci ya cika aka cire wayoyin, aka ce ya tashi. Ya dafa sitiyarin ya miƙe. Abin da ya biyo baya mutum biyar ne suka gani, ba sai na zama ta shida a takarda ba. Ma'aikacin ƙaƙƙarfa ne, ya tare shi kafin kansa ya kai ƙasa.

Likitar ta durƙusa ta cire masa takalmin dama. Ta ce, "Usta, ɗaga mini babban yatsa." Ta sake faɗa. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na fita neman ruwa.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan asuba

Na mayar da kujerar saman kabad da kaina. Ban tashi kowa ba.

Litinin, da la'asar

Rahoto ya fito. A yi hoton ƙashin baya cikin gaggawa, wata uku na gashin ƙashi, watakila aiki. Ba tuƙin dogon zango. Kamfani ya ce akwai gurbi a tagar sayar da tikiti.

Mamduh ya ce, "Ni? In zauna a keji ina miƙa wa mutane canji, yaran da na koya wa tuƙi suna wucewa suna mini hon? Gara a binne ni." Na ce ya yi istigfari, sana'a ba ta da ƙarama. Ya ce, "Ke kika ce namiji ba ya ranƙwafawa."

Ban tuna na faɗa da waɗannan kalmomin ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, bayan azahar

Wani ya kira Shahata, ƙanen marigayi mijina, a waya. Ba sai na rubuta ko wane ne ba.

Ya zo da tumbinsa da carbinsa, ya sha shayi kofi uku. Shahata bai taɓa yin aikin da za a nuna ba, amma ba ofishin da ba shi da aboki a ciki. Ya ce, "Matar yaya, kwantar da hankalinki. Takarda ai baiwar Allah ce, inda aka ajiye ta nan take kwana. Rahoton yarinyar nan zai yi barci a durowa, wata takardar ta farka."

Mamduh ya ce, "Baffa, ka tabbata?"

"Kai dai goge takalminka. Wayoyi a baya! Mu da muka tashi da ƙaho da man zaitun, yau kwamfuta za ta gaya mana wane ne namiji?"

Rihab ta kawo shayi na huɗu, ta dire shi har ya fallatsa masa a jallabiya. Ya ce, "Amarya, da zafi haka?" Ta ce, "Kai da kake ji ke nan, Baffa."

Ba ƙarya muka yi ba. Ba wanda ya tambaye ni komai. 'Ya'ya uku ne a gidan nan, kuma mutuncin mutum shi ne jarinsa.

Laraba, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Takarda ta zo da hatimi biyu. Gobe ƙarfe bakwai na safe, motar Alkahira.

Rihab ta ce ba za ta goge kakin aikinsa ba. Na goge da kaina.

Laraba, bayan la'asar

Muna cin abinci. Yau yana cikin nishaɗi, yana ba 'ya'yansa mata labarin wani fasinja da ya shigo da agwagwa a cikin kwali. Na jawo kujerata kusa da tebur na zauna. Na ji ba ta daidaita ba, kamar ta hau wani abu. Na ɗauka gefen darduma ne. Cokali ya faɗi, na sunkuya ɗauka.

Ƙafar kujerata tana kan yatsunsa na dama. Ba takalmi. Ni ba ƙaramar mace ba ce.

Yana ta kwaikwayon kukan agwagwa, yara suna ƙyaƙyatawa.

Na ɗaga kujerar a hankali. Wurin ya yi fari, sannan ya yi ja, sannan ya fara tsattsafo da jini. Bai duba ba. Na ce zan je in yi alwala.

Da wannan ƙafar ake taka birki.

Laraba, bayan magariba

Na ce, "Mamduh, ka bari sai an yi hoton." Ya ce, "Umma, ke kika kira Baffa." Na ce umarni nake ba shi. Ya sumbaci kaina, ya ce in yi masa addu'a. Tun yana yaro bai taɓa tsallake maganata ba sai yau, kuma da ladabi ya tsallake ta, ba inda zan kama.

Rihab ta ce za ta je ofishin kamfani da safe. Ofis ba ya buɗewa sai tara.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ya fita bayan asuba. Na ƙirga takunsa har ƙasa. Na sa baƙar abayata, na ɗauki jaka, na tari tasi zuwa tasha.

Na ce wa mai tikiti kujera ta ɗaya nake so, wadda ke bayan direba. Ya ce an saya. Na ce ya nemo mai ita ya gaya masa wata tsohuwa tana amai idan ta zauna a baya. Wannan ƙarya ce, kuma na yi ta da bakina, Allah ya yafe mini. Aka canza.

Na riga shi shiga. Mota ta cika, mutum arba'in da tara har da ni. A gefena wata mata ce da jaririya, za ta kai ta wurin kakanninta. Bakwai saura biyar ya hau, yana gaisawa da mutane, ya zauna, ya kai hannu ya gyara madubi. A cikin madubin muka haɗa ido.

Ya juyo. "Umma, me kike yi a nan?"

"Tafiya."

"Ina?"

"Ziyara zan kai hubbaren Sayyida Zainab. Ko Alkahira ta ubanka ce?"

Ya rage murya. "Don girman Allah ki sauka. Gobe in sa a kai ki a ƙaramar mota."

Na ce na biya. Na ce, "Takardarka tana da hatimi biyu, me zan ji tsoro? Motar da ta isa ta ɗauki uwar wani ta isa ta ɗauki taka. Ja mu tafi."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Usta, a gama shari'ar gida a gida mana, muna da asibiti ƙarfe ɗaya!" Wani ya ce, "Bar shi, uwa ce, ko shugaban tasha bai isa ba." Aka yi dariya.

Ya juya ya tayar da inji. Ƙofa ta rufe. Na riƙe ƙarfen da ke gabana, na fara karanta abin da ake karantawa. Ban san me zai yi ba. Duk wanda ya ce na sani bai san ɗana ba. Ina kallon bayan rigarsa da na goge jiya, wani tabon gumi ya fito a tsakiya yana faɗaɗa. Ya sa giya. Mota ta motsa, ta yi kamar tsawon tabarma biyu zuwa bakin get. Na ga ya kai hannun dama ya kama cinyarsa, ya ɗaga ƙafar ya ɗora ta a kan birki.

Muka tsaya. Jaririyar ta farka tana kuka.

Ya daɗe a haka. Na bayanmu yana ta hon. Sannan ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya leƙa taga ya ƙwala wa Usta Ramzi kira, wanda ke jiran motar ƙarfe tara. Ya miƙa masa makulli ta tagar. Ramzi ya buɗe baki zai yi tambaya, ya kalli fuskarsa, ya fasa.

Ya sauka yana riƙe da ƙofa. Na bi shi. Ba wanda ya yi dariya a wannan karon.

A tasi bai zauna kusa da ni ba, gaba ya shiga. Sai da muka zo kan gada ya yi magana, yana kallon titi.

"Da na ja fa?"

Na ce, "Da mun tafi."

Ya ce, "Na sani."

Yana ɗaki tun ɗazu. Rihab ta kai masa abinci ta fito da kwanon yadda yake. Ta ce an ba su ranar hoto, Lahadi. Ta tsaya a bakin ƙofata kamar za ta ce wani abu, sai ta tambaya ko in sa mini sukari a shayi, ita da ta san shekara goma ba na sha. Ya ce mata kada in shigo. Ban shiga ba. Ban san kwana nawa zai ɗauka ba, ko wata nawa. Ina jin tarinsa ta bango.

Ramzi ya bugo waya. Motar ta isa Alkahira da azahar, lafiya. Mutum arba'in da takwas, kujera ɗaya ba kowa.